Tumbin 'Yan Kwikwiyon Mama Theresa

Mama Theresa a gindin murhu ta yi rayuwarta. Tun tana budurwa ta baro Kaltungo ta kama aikin girki a wata makarantar kwana a nan Gombe, ba ta ajiye muciya ba sai da gwiwoyinta suka gaza. A wurinta, yaro in ya ci tuwo har cikinsa ya taso, to lafiyarsa ƙalau. Har yau tsofaffin ɗalibai, magidanta da gemunsu, sukan durƙusa su gaishe ta a Kasuwar Gombe, ita kuma ta dube su ta ce sun rame.

Da ta zauna a gidanta na Nasarawo sai ta rasa wanda za ta ciyar, ban da wata karya da ɗanta Desmond ya kawo mata don gadi. Da karyar ta haihu, aiki ya samu. 'Ya'yan suna fara lasar abinci ta shiga dama musu kunun gyaɗa, tana marmasa musu kifi. Cikinsu ya taso kamar an kifa ƙwarya, ita kuwa sai murna. 'Yar ƙaramarsu kuwa, Mama Theresa ta riga ta yi wa jikarta Debby alkawarinta, yarinyar kuma kullum sai ta karɓi wayar babanta ta tambayi lafiyarta.

Maƙwabciyarta Iya, Bakatsiniya mai kiwon awaki, ba ta taɓa kare, amma takan leƙo ta kan katanga.

"Iya, dubi tumbi," in ji Mama Theresa tana ɗaga ƙaramar. "Kamar 'ya'yan GRA."

"Maman Desmond, ni dai haƙarƙari nake gani a waje. Haka 'yan awakina suke yi in tsutsa ta kama su."

"Ke da ko shafa su ba kya yi?"

"Kallo ai ba ya ɓata alwala."

Mama Theresa ta yi dariya, ta ƙara musu kunu. Amma ranar da ƙaramar ta ƙi ci, ta kwanta tana zawo, gashinta ya yamutse, sai ta tuna da alkawarin da ta yi. Me za ta ce wa Debby? Ta jera 'yan kwikwiyon a kwali, ta tare keke Napep zuwa asibitin dabbobi.

Likitan dabbobin, wani matashi mai suna Mudathir, ya ɗaga leɓen ƙaramar ya nuna mata dasashin ya yi fari. Ya ce tsutsar ciki ce, yawanci daga uwa suke samunta, tun a ciki ko ta nono, kuma ita ke cinye abincin ta bar su da kumburi. Sai da ya auna kowanne a sikeli kafin ya ɗura masa magani. Ya ce a kawo uwar ita ma, a dawo a maimaita, a riƙa kwashe kashinsu da wuri.

"Wato duk kunun nan tsutsa nake yi wa hidima?"

"Sun ƙoshi kuwa, Mama."

Ta yi dariya har da tafa hannu, amma idonta yana kan ƙaramar.

Abin da ya fito daga cikinsu washegari, sai da ta kira Iya ta zo shaida. A hankali kumburin ya sace, ƙaramar ta miƙe, ta soma jan gefen zaninta.

Ranar Asabar Desmond ya kawo Debby. Kafin yarinyar ta gama gaisuwa, 'yar kwikwiyon ta ciji silifas ɗinta ta ruga bayan randa da shi. Debby ta bi ta da ƙafa ɗaya ba takalmi, tana kiran Kaka ta zo ta taya ta kamawa.