Majemin bayan ganuwa da yaron Gouna

Kakata Fanna ba ta yin tatsuniya don yaro ya yi barci. Lokacin sanyi, da an sallame isha'i a gidanmu na Birni, sai ta hura wuta a tsakar gida, ta binne gyaɗa cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Ni take kira "maigida", irin tsokanar kaka da jikanta, kuma ni ke cin gyaɗar farko. Bakinta ya fi barkono zafi. Saura 'yan shekaru a lokacin a sauke tutar Faransa.

Bayan ganuwa, cikin duwatsu, akwai wani tsohon majemi, Ɗan Jimo. Ba mata, ba ɗa, ba mai sa hannu a kwanonsa saboda warin fata. Mu yara jifarsa muke yi, kuma ni ne gwani. Wata rana na hau dutse da tsakuwa a hannu, sai na hango wani yaro tsarana zaune gabansa, suna cin tuwo a akushi ɗaya. Nan take na gane shi. Kwana uku ke nan gardi, ɗan sandan kumandan Bature, na yawo a keke yana cigiyar wani ɗan ƙauyen Gouna da aka kawo lakwal, makarantar boko, dole, ya tsere saboda bulala. Na ruga na faɗa wa Kaka. Ta ajiye maganar sai da aka hura wuta.

"Ga ta nan, mai kunne ya matso," in ji ta. Muka ce ta zo mu ji.

Ta ce an yi wani gari na masu tsabta, kowa rigarsa fes, kowa na ƙamshin turare. Sai ga yaro ya shigo a guje, bayansa duk shatar bulala. Ya je gidan attajiri, aka ce maigida na lissafi. Ya je gidan malami, aka ce ya dawo bayan darasi. Nan Kaka ta yi tsaki ta tofa yawu cikin wuta.

"Ku ji fa! Manyan rawuna, ƙananan zukata. Tir!"

Yaro ya yi ta tafiya har bukkar wani majemi, wanda ya manta yadda ake hira don ba mai yi masa magana. Majemin bai tambaye shi ɗan wane ne ba. Ya shafa masa man shanu a baya, ya tura masa akushi. Kwana uku, tsoho ya fara dariya, yaro ya fara barci.

Ƙanwata Hadiza ta ce, "Kaka, an kama shi?"

"Wa zai kama shi? Mahayan da ke nemansa ba sa zuwa inda ke wari. Sai dai in wani ɗan kwikwiyo ya kai su, irin mai kaɗa bindi don a shafa kansa." Ta dube ni. "Ko ba haka ba, maigida?"

Na ce haka ne. Ta rufe da cewa ƙurunƙus, ƙarshen yana hannun kwikwiyo.

Ba zan ce ban gane ba. Na gane sarai. Amma da safe na tarar da gardin a bakin kasuwa, kekensa na ƙyalli, na ce in na nuna masa wurin zai ɗauke ni a baya? Abin da na sayar da mutum biyu a kansa ke nan: hawan keke daga kasuwa zuwa ganuwa. Ina tsaye aka fizge yaron yana riƙe da ƙafar tsohon. Aka kai Ɗan Jimo gidan kaso, ya yi kwanaki ya fito, bai ƙara yi wa kowa magana ba har ya mutu.

Kaka ba ta doke ni ba. Da daddare ta tono gyaɗar farko ta miƙa wa Hadiza.

"Ni dai na rabu da wannan mijin," ta ce. "Issufu, matsa can, kana tare mini wuta."

Daga ranar sunana na yanka take kira, har ta koma ga Allah.

Bayan samun 'yanci na zama masinja a wani ofis. Wata rana wani mushe, kamar yadda muke kiran malamin lakwal da bakin Faransa, ya zo da takarda, ya ce shi ɗan Gouna ne, yana neman wanda ya san kabarin wani majemi. Na raka shi. A hanya zuciya ta yi ta raɗa mini cewa ai alheri na yi masa, da ban tona ba da yanzu yana noman gero. Ƙaryar banza ce. Ba don gobensa na yi ba, don keke na yi.

Ya daɗe durƙushe yana addu'a. Da ya tashi ya ce, "Malam Issufu, kai ɗan Birni ne. Wa ya nuna musu wurin?"

Na daɗe ina zaton Kaka ta yi tatsuniyar ne don ta koya mana tausayi. A bakin kabarin nan na gane dama ce ta ba ni in zaɓi abin da zan zama, ga shi kuma an sake ba ni ita, ina da gemu.

Na ce masa, "Allah kaɗai ya sani, mushe."

Ya yi mini godiyar rakiya, har ya riƙe hannuna da hannu biyu.