Daddawar Batso Ta Kai Ni Bunkure

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Kumbotso, ni da 'yata ta fari. Ta so mu bari rana ta ɗaga, na ce ni ba a yanka mini lokaci. Wata uku ke nan abinci ba ya shiga bakina. Shinkafa, taliya, naman kaza, duk an kawo, ina kallonsu kamar ƙasa. Abu ɗaya raina ke so, miyar kuka da daddawar batso irin ta Innarmu. Wadda ta gaji hannun Inna kuwa saura mutum ɗaya, Yayata da ke wani ƙauye bayan Bunkure, ga shi an ce tsufa ya kwantar da ita.

Ku da ba ku sani ba, batso da gurguzu ake yin ta, wato 'ya'yan yakuwa, kuma warinta ya ninka na daddawar kalwa. Ina yarinya, in Inna ta buɗe tukunyar, bayan rumbu nake gudu. Har na sha alwashi a gaban Yaya cewa in na girma shinkafa kawai zan ci. Lokacin sai da Sallah muke ganinta.

To, Allah Ya amsa har ta ishe ni. Tun kafin mu shiga Kura ga ta nan an shanya a bakin titi, injinan gyaranta na ta ruri. Tumatir ya yi arha, masu kwanduna har roƙon mai saye suke. 'Yata ta sayo gurasa, na gutsura na miƙa mata abarta. Daga nan muka hau babur, muka bi gefen kanal, babbar hanyar ruwan nan ta noman rani. Na damƙe rigar mai babur, na ce in ya jefa ni ruwa tare za mu tafi.

Mun iske Yaya kishingiɗe a inuwa. Bayan gaisuwa ta ce, "Auta, ba biki ba rasuwa, me ya kawo ki?"

"Batso," na ce.

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Sarauniyar shinkafa? A bayan rumbu za a kai miki?"

"Yaya, yi dariyarki ki gama. Ba na komawa sai da ita."

"Ai babu. Shekara biyu rabona da taɓarya."

'Yata ta ce mu nema a kasuwa. Na ce ta kasuwa ba hannun Inna ba ce. Na ɗaure zanina, na ce Yaya ta ba da baki, ni na ba da hannu.

Kwana takwas muka yi. Na tace ruwan toka, na dafa gurguzu yini guda, aka rufe a tukunya. Washegari na miƙa hannu in leƙa, sai jin sandar Yaya na yi a yatsuna. "Inna ba ta leƙe," in ji ta. Da furfurata na sha duka. Na daka har kafaɗa ta sage, aka sake rufewa.

Ranar da aka buɗe, 'yata ta yi zaure da gudu, ni kuwa yawuna ne ya tsinke. Na kaɗa miya, na tuƙa tuwon dawa. Yaya ta ɗanɗana, sannan ta ce, "Gishiri ya yi kaɗan. Amma hannun ne." Malmala biyu na tashi da ita.

A hanyar dawowa, da ƙullin batsona a cinya, 'yan mota duk suka sauke gilashi. Wani ya tambayi direba ko mushe ya ɗauko. Na ce abincin manya ne, ya jira lokacinsa.

Mun iso gida da la'asar lafiya. Abin da na koyo, baki ma girma yake yi, don haka abin da yaro ya tofar kada a bari ya ɓace, wata rana zai zo nema da furfura. Na sa 'yata ta riƙe yadda ake yi tun daga toka har daka, tana yi tana toshe hanci. Ban hana ta ba. Ni ma daga bayan rumbu na faro.