Man Shanun Goggo Aïchatou

Kowace Asabar, kafin motoci su cika titin Wendover, Goggo Aïchatou ta riga ta ɗaure kallabi tana tsaye a ƙofar gida da jarkokinta. Ni ne direbanta. Tasi nake ja a garin nan na Greensboro da ke Amurka, kuma ranar Asabar ita ce fasinjata ta farko, tun daga ƙofa har mu dawo tana yi mini faɗa a kan gudu. Mukan je gonar wani Bature a bayan gari, ta shinshina madarar, ta yamutsa fuska, ta ce shanun ƙasar nan sai ka ce ba ciyawa suke ci ba. Sannan ta saya.

A gida takan juye madarar a ƙwarya, ta zuba ɗan ragowar tsamin makon jiya, ta rufe. Idan ya kama sai ta ɗura a gora ta yi ta kaɗawa har mai ya tashi, ta wanke shi da ruwan sanyi, ta cure. Wannan ɗan ragowar tsamin shi ne maganar, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Goggo mutuniyar wajen Dakoro ce a Nijar. Farin shekarar tamanin da huɗu ya cinye garken gidansu ƙaf, ƙaninta Tahirou ya jawo ta nan. Abin da ta taho da shi daga rugar uwarta bai wuce wani ƙyalle ba, da ta tsoma a kindirmon ƙarshe ta shanya. Da shi ta tayar da tsami a Amurka, kuma tun daga ranar ba ta taɓa bari ya yanke ba. Shanun sun mutu, uwar ta rasu, tsamin nononsu yana nan a ɗakin girkinta.

Aikinta na cin abinci kuwa a wani shagon tsofaffin kaya ne kusa da Elm Street, na wata tsohuwar Bafaransa, Madam Angelina. Goggo ce mai goge kaya da naɗe su a takarda. Madam tana da kwanonin tangaran masu murfi, na ajiye man shanu, wasu sun girmi kakanninmu. Takan ce wannan na yankin Normandi ne inda aka haife ta, wancan na maƙwabtansu ne masu zuba gishiri, kuma man kowace ƙasa ɗanɗanon ciyawarta yake ɗauka. Goggo ta ce ai haka yake, man damina daban, na rani daban. Abin da ya haɗa su ke nan, tsofaffi biyu suna zagin man kanti da Faransanci, wai ba ƙamshi ba tarihi.

Da tsufa ya taɓa hankalin Madam aka kai ta gidan kula da tsofaffi, ta daina gane 'ya'yanta, ta daina cin abinci. Ni na kai Goggo wurinta, da kwano mai shuɗin fure a kan cinya, hannu biyu a kan murfin. Madam ta buɗe, ta daɗe tana shinshinawa, sai ta kira sunan wata mace da babu wanda ya sani a ɗakin. Ta ci burodi da man nan har da lashe yatsa. Goggo ba ta fasa zuwa ba har Allah ya yi wa matar cikawa, kuma 'ya'yanta suka ba ta kwanoni uku daga ciki.

Da wani ne, da ya kulle su a kabad. Ita kuwa ta sa su aiki. Duk gidan Bahaushe ko Bazabarme ko Bafulatanin da aka haihu, ko aka kwanta ciwo, ko aka yi rashi, sai kwanon Faransa ya isa cike da man shanu soyayye da albasa. Mutanenmu ba sa mayar da kwano wayam, sai ya dawo da dabino ko sukari, wani ma har da goro. Alhaji Maikano ya taɓa riƙe ɗaya wata guda yana zuba makullai a ciki, ta aika masa cewa idan ya gama za ta turo masa murfin tukunya ya yi hula.

Ke ce kika shigo gidana, Goggo, lokacin da ciwo ya hana Jidda matata haɗiye komai. Likitoci sun gama nasu. Kika tuƙa ɗan tuwo mai laushi, kika narkar da man a kai, ƙamshin ya cika gidan, ta ce a tayar da ita zaune. Loma kaɗan ta yi, amma ta yi murmushi, ta ce yau ta je gida. Bayan kwanaki ta rasu. Har gobe idan na tuna sai hawaye ya zo mini, ba kuma na jin kunyar faɗa.

Bara hannun Goggo ya fara rawa. Likita ya ce ba ya warkewa. Da kanta ta ajiye aikin shagon, ta ce ba za ta fasa kayan mutane ba. Yanzu ni nake kaɗa mata gorar, amma ƙarfi kawai gare ni. Hancin da ke gane tsami ya yi, da hannun da ke sanin mai ya wanku, ba ni da su, ta gwada ni ta haƙura. 'Yarta Djamila tana aikin sito, dawowa take a gajiye, idan aka yi mata maganar sai ta amsa da Turanci cewa ai ana sayarwa a kanti.

A wata walimar karramawa da muka shirya wa Goggo watan jiya, bayan an gama jawabai, ta ɗaga murfin kwanon da ta zo da shi. Ba mai ba ne a ciki, tsamin ne.

"Wa zai karɓa?" ta ce. "Ba ya son komai sai madara da kulawa."

Kowa ya sunkuyar da kai. Duk wanda ke ɗakin nan ya ci man nan, wasu da shi aka yi musu jego. Ta ɗan jira, sannan ta mayar da murfin, hannun yana rawa, tangaran yana ƙara har bayan ɗaki ana ji. Wallahi na ji haushinmu ranar.

Mun gode, Goggo, uwar marasa uwa a baƙon gari. Allah ya saka miki, ya sassauta miki ciwon nan. Ku kuma jama'a, yabo a walima ba shi zai ciyar da tsamin ba. Mace ɗaya ake nema, ko namiji mai hanci, ya ba da safiyar Asabar. Motata kyauta ce.

Makon jiya a hanyar gona na tambaye ta tsawon lokacin da tsamin zai kai idan ba a ƙara masa madara ba. 

"Uzairu, ni da shi ne yanzu," ta ce. "Addu'ata ɗaya, in riga shi mutuwa."