Ranar da Ƙugin Jita Ya Ɗauke

Na manta abubuwa da yawa na zamanmu a Sharaɗa, har launin ƙofar ɗakinmu sai na yi tunani kafin in tuna. Amma akwai wata ranar Lahadi da ba za ta fita daga raina ba, ko da zan tsufa in rasa haƙoran bakina duka. Ranar ce wani ɗan akwatin ƙarfe, wanda bai fi gwangwanin kifi girma ba, ya sauke mini nauyin da na yi watanni ina ɗauke da shi ni kaɗai.

Lokacin muna haya ne a bayan wani kamfanin roba, katanga ɗaya ta raba mu. Injinansu ba sa hutawa sai ranar Lahadi. In ka leƙa randa za ka ga ruwan ciki yana 'yar rawa. Ga jiniyar canjin ma'aikata, ga tireloli suna wucewa har kwanukan kan kanta su riƙa kaɗawa. Da aka kawo ni gidan na yi zaton ba zan taɓa iya barci ba. Ban daɗe ba na saba, har in na je gidanmu a ƙauye shirun ne yake hana ni runtsawa.

Maigidana yana aiki a wani kamfanin jima fata a Challawa. In ya dawo, ko ya yi wanka da sabulu mai ƙamshi, warin fatar nan yana nan a wuyan rigarsa. Abin da yake sa shi ya manta gajiya shi ne jita, irin mai amfani da wuta. Wani abokin aikinsa mutumin Nijar, wanda kowa ke kira Buzu, shi ya koya masa, kuma tare suke zuwa kiɗa gidajen biki. Buzu ya zama kamar ɗan gida. Kullum da yamma yana zaure da butar shayinsa da 'yan kofuna.

Kayan kiɗan nasu kashi biyu ne. Amfilifayar jitar, wato akwatin da ke ƙara mata sauti, tana falonmu, a jone da soket ɗin ɗaki. Babbar lasifika da na'urar haɗa sauti suna zaure, a jone da wani soket da aka jawo daga shagon mai gidan. Sai wata doguwar waya da ta ratsa tsakar gida ta haɗa su. To da zarar an soka wayar nan, sai ƙugi ya tashi. Wani irin "uuuuu" ne mai kauri, kamar an kulle ƙudan zuma a cikin tulu. Ko ba a taɓa jitar ba yana nan. Sun canza waya, sun naɗe ta da takardar azurfa ta kwalin shayi, sun kai amfilifayar wurin mai gyara. A can sai ta yi shiru kamar mutuniyar kirki, a dawo da ita gida ta ci gaba daga inda ta tsaya. Buzu ya ce aljanin gidan ne yake son kiɗa, shi ma yana bin waƙa.

A cikin wannan ƙugin na yi rainon ciki, a cikinsa na haifi 'yata ta fari.

Wanda ya san al'adarmu ya san yadda ake da ɗan fari. Ba na kiran sunanta. Ba na yi mata wasa a gaban mutane, balle a gaban dangin miji. In tana kuka surukata na nan, sai in kau da kai kamar ba ni na haife ta ba, har sai an ce, "Ke, ɗauke ta mana." Haka na ga an yi a gidanmu, haka na yi. Amma idona kullum yana kanta. Ni mace ce mai saurin tsorata, ko ƙurji ya fito mata sai in kwana ina dubawa.

Tana fara zama na lura da wani abu. Jiniyar kamfani za ta tashi, kajin gida su watse, ita ko gezau. Tirela za ta saki hon a bakin ƙofa, tana kwance tana tsotsar yatsan ƙafa. Rannan na faki ido babu kowa a tsakar gida, na zagaya bayanta na saki murfin tukunya a kan siminti. Ta ɗan ƙifta ido, shi ke nan. Ba ta juyo ba. Na sunkuya na ɗauki murfin.

Sai wata tsohuwa maƙwabciyarmu mai sayar da koko ta ƙarasa ni. Ta ɗauke ta tana yi mata tafi a gefen kunne, yarinya ta zuba wa ɗankwalinta ido kawai. Tsohuwa ta ce, "Oh, ni 'yar nan! Wannan 'ya taku akwai haƙuri. Anya kuwa tana ji?" Ta faɗa da dariya, ta ajiye ta, ta tafi wurin kokonta. Ni kuwa ta bar ni da maganar.

Akwai ɗan gwaggona da aka haifa kurma, na san yadda yara suke jifansa a hanya. Sai na riƙa ganin 'yata a wurinsa. Kuma zuciyata ta ba ni cewa ƙugin nan ne ya kashe mata kunne tun tana ciki. To wa zan gaya wa? In ce wa maigidana jitarsa ta kurmantar da 'yarsa? Mutumin da in ya rungumi jitar nan fuskarsa take komawa ta yaro? In kuma na je wa surukata da maganar, a ce amarya ba ta da kunya, ta zaƙe a kan 'yar fari. Ban yi nisa a boko ba, ban san ana auna jin jariri a asibiti ba. Sai na haɗiye. Ina tuƙa tuwo ina hawaye, in an tambaya in ce hayaƙi ne.

Ana nan sai aka kira su wani biki a Hotoro, aka kuma ja musu kunne cewa ba a son gurnanin nan da ya cika wa mutane kunne a bikin baya. Shi ne maigidana ya roƙi yayansa ya zo ya duba. Yaya ma'aikacin lantarki ne a wani kamfani a Bompai, mutum mai tsare gida, ba ya son kiɗa ko kaɗan. Ina jin nauyinsa ƙwarai, ko ido ba na haɗawa da shi.

Ya zo ranar Lahadi bayan la'asar, a kan tsohon babur ɗinsa. Kamfanin bayanmu yana hutu, an kuma yi sa'a akwai wuta. Na durƙusa na gaishe shi.

"Amarya, ina gajiya? Ina mutuniyar?"

"Tana barci, Yaya. Sannunku da zuwa."

Tana kwance a kan tabarma a falo, ba nisa da amfilifayar. Ni kuma na zauna a bakin ƙofa ina tsintar shinkafa, ina ganin komai ta gefen labule. Suka kunna kaya, ƙugi ya cika gidan. Yarinya ko motsi.

Yaya ya tsaya ya saurara. Ya zare doguwar wayar, ƙugi ya ragu. Ya mayar, ya dawo. Amma duk a cikin hayaniya ake yi, Buzu yana ta surutu daga tsakar gida da filaya a hannu.

"Malam, wanga aiki ba shi da wuya. A karye ƙafa ta ukku ta filogi, shi ke nan. Haka muka gani ana yi wurin biki."

Yaya ya juyo ya dube shi. "Kawo filayar nan."

Buzu ya miƙa masa da murna. Yaya ya jefa ta a aljihu.

"Kai da shayi aka san ka, ka tsaya a shayi. Ƙafar nan da kake son karyawa ita ce hanyar da wuta take gudu ta shige ƙasa in wani abu ya lalace a ciki. Ka karya ta, ƙugi zai tafi, gaskiya ne. Amma ranar da wuta ta ɓalle, ta jikin wanda ya riƙe jita za ta bi. Ko ta jikin waccan, in ta fara rarrafe ta dafa."

Ya nuna 'yata da baki. Shinkafar ta zube mini a zane.

Maigidana ya ce, "To Yaya, mene ne yake kawo shi?"

"Kun jona wancan a zaure, kun jona wannan a ɗaki, kowanne da tasa hanyar zuwa ƙasa. Kuka zo kuka ƙulla su da waya. Kun yi wa wuta zobe ke nan, tana ta zagaye ba ta da wurin tsayawa. Kukan zagayen nan kuke ji."

Sai ya zaro ɗan akwatin daga jakarsa, da rami a kowane gefe. Ya ce ƙaramar taransifoma ce ta raba layi. A cikinta akwai naɗin waya biyu, suna dab da juna amma ba su taɓa juna ba.

"In ba su taɓa juna ba, ta ina sautin zai wuce?" in ji maigidana.

"Tambayi amarya yadda suke hira da maƙwabciyarta ta kan katanga. Magana tana tsallakawa, ƙafa ba ta tsallakawa."

Buzu ya fashe da dariya. Ni kuwa na sunkuyar da kai, ashe Yaya ya san muna yi.

Ya cire bakin doguwar wayar, ya yi maza ya soka a gefe ɗaya na akwatin, ya ɗauko wata gajera ya haɗa ɗaya gefen da amfilifaya. Har yau ina jin ɗan "ƙyas" ɗin da ta yi.

Ƙugi ya ɗauke ɗif.

Ban taɓa jin shiru irin wannan a gidan ba. Kowa ya yi tsit, har Buzu. Na ji ɗigar famfo a cikin bokiti. Na ji wata tana daka can a layin baya. Ga fitilar amfilifaya tana ci ja, amma babu ko huci.

Sai 'yata ta buɗe ido.

Ta ɗaga kai daga tabarma, ta juya shi sak wajen amfilifayar. Ta tsuke fuska kamar wadda aka ƙwace wa nono. Ta dubi akwatin, ta dubi babanta, sai ta callara kuka.

Na daskare da faranti a hannu. Zuciyata tana cewa kada ki yi saurin murna, wataƙila cinnaka ne ya cije ta. Yaya kuwa bai ma lura ba, yana son ya nuna wa ƙaninsa bambanci. Ya cire akwatin ya haɗa wayar kai tsaye, ƙugi ya dawo. Yarinya ta yi shiru, ta mayar da kai ta kwanta tana ajiyar zuciya. Ya sake sa akwatin. Ta sake ɗagowa, ta buɗe baki za ta yi kuka. Maigidana ya ɗan taɓa tsirkiya ɗaya a hankali, sauti siriri ya fito tas, babu gurnani a bayansa. Ta haɗiye kukan, ta juya tana neman inda ya fito.

Ban san lokacin da na yar da farantin ba. Na banke labule na faɗa falon, a gaban Yaya, ba mayafi. Na sure ta ina cewa, "Tana ji! Wallahi tana ji!" Na kira sunanta da ƙarfi, sunan da ban taɓa furtawa a gaban kowa ba, na sake kira, ina kuka ina sumbatar kunnuwanta.

Maigidana ya ajiye jita. "Ke, lafiya? Da ma wa ya ce ba ta ji?"

Nan na zazzage musu komai, murfin tukunya, maganar mai koko, ɗan gwaggona, hayaƙin ƙarya. Ya kalle ni, idonsa ya kaɗa. Ya ce, "Duk wata da watannin nan? Da kin faɗa ai da na sayar da jitar."

"Shi ya sa ban faɗa ba."

Sai a lokacin na tuna a gaban wa nake. Na ja ɗankwali na rufe fuska. Yaya ya yi gyaran murya, yana ta naɗe wayar da ba ta bukatar naɗi.

"Ni ban ji komai ba, amarya. Ƙugin nan ya toshe mini kunne." Ya cusa wayar a jaka. "Amma gobe ku kai ta asibiti a duba. Kuma a daina kwantar da ita kusa da abin nan."

Buzu ya leƙo da kofin shayi. "To Malam, tunda aljani ya hita, a ba ni filayata."

"Sai ka tuba."

Mun kai ta washegari. Ma'aikaciyar jinyar ta gwada ta, ta ce kunnuwanta lafiya lau, yaron da ya tashi cikin ƙara yakan saba har ya daina razana. Ta yi mini faɗa sosai a kan kwantar da ita gaban amfilifaya, ta kuma ce in riƙa yi mata magana da kiran sunanta. Na ce to, a raina ina cewa ai na riga na fara. Sai dai mun sha wuya kafin ta koyi barci babu ƙugi. Da bakina nake yi mata "uuuuu" a kunne har ta lumshe ido, maigidana yana dariya yana cewa an kori aljani daga amfilifaya ya koma kan matarsa.

Yanzu mun bar Sharaɗa. Kamfanin robar ma an rufe shi, na wuce kwanaki na ga ciyawa ta cinye bakin ƙofar. Buzu ya koma ƙasarsu. Jitar tana rataye a bango, sai ranar da nishaɗi ya motsa ake sauke ta, ɗan akwatin yana ɗaure a jikin wayarta har yau. Yarinyar tana firamare, kuma ko raɗa muka yi a uwar ɗaka sai ta jiyo daga tsakar gida. Wani lokaci in na kwanta a unguwar nan tamu mai shiru, sai in ji ina kewar ɗakin nan mai rawar randa, da warin fata, da ƙamshin shayin Buzu.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, tsoron da mutum ya rufe a cikinsa zagaye kawai yake yi, yana ƙugi, ba ya zuwa ko'ina. Kunya abu ne mai kyau, har gobe ina jin nauyin Yaya. Amma tun daga ranar, in na ga wani abu a jikin ɗaya daga cikin 'ya'yana da ya tsorata ni, a gaban kowa ne ina buɗe baki in faɗa, kuma da sunansa nake kiransa.