Farcen Baba Makanike

Tun da yanar ido ta fara cin ganin Baba Makanike, 'ya'yansa suka tasa shi gaba da cewa ya bar gareji ya huta. Shi kuwa gari na wayewa yake ɗaukar sandarsa ya tafi.

Wata rana aka sauke injin motar surukinsa, wadda ke ta hayaƙi tana shan baƙin mai. Babban ɗan Baba, wanda garejin ya koma hannunsa, ya haska cikin silinda ya ce, "Lafiyarta ƙalau. Ringin fistan kawai za mu canza mu rufe."

Baba ya laluba ya zura hannu, ya ja farcensa a bangon silindar.

"Ta yi sulɓi kamar madubi," in ji shi. "Sabon ringi ba zai zauna a nan ba. Sai an goge ta."

"Haba Baba, ko ganinta fa ba ka yi."

"Idona ne ya gaji, ba farcena ba. Da hannun nan na ciyar da kai har ka yi gemu. Miƙo min dutsen guga."

Surukin ya sunkuyar da kai ya ce tafiya gare shi gobe.

"Ka hau ta haya," Baba ya ce.

Ɗan ya yi fushi ya bar wurin. Baba ya zauna a kan tsohuwar taya, yana guga yana shafawa, har ya gama da kansa. Motar ta daina hayaƙi. Ɗan bai ba shi haƙuri ba, shi ma bai nema ba. Yanzu idon ya rufe gaba ɗaya, amma har yau ba a rufe inji a garejin sai ya sa hannu.