Jan Ƙyalle a Cikin Jema

Abin ya faru damina biyu bayan rasuwar maigidana, shekarar da aka haƙa mana famfon tuƙa-tuƙa a ƙofar masallaci, tun babura ba su kori jakuna daga hanyar Sandamu ba. Lokacin ina da awaki goma sha ɗaya, duka jajaye, kuma duk unguwarmu babu macen da ta kama ƙafata a kiwo. Ba cika baki ba ne, a tambaya. Kowace akuya sai na ɗaura mata ƙyalle a wuya, daga wani tsohon zanena ja mai ɗigon fari, don kada ta saje da na mutane.

Bayan garinmu akwai tafki, shi dabbobi ke sha har ƙarshen rani. Ruwan da ke gangarowa daga gonakin tudu ya yi ta cin ƙasa har ya buɗe kwazazzabo, kowace damina yana kwaso yashi yana zubawa a tafkin. Sai malaman gona suka zo, aka zauna da mai gari, aka dasa ciyawar jema da 'ya'yan bagaruwa a bakin kwarin don su riƙe ƙasa, aka kewaye da ƙaya. Mai shela ya zaga gari: babu dabbar da za ta taka wurin sai an yi damina uku. Aka bar mashaya ɗaya ta gabas.

Na ji shelar da kunnena. Ni ce ma na dama wa masu dashen kunu.

Bazarar shekarar ta zo da tsanani. Harawata ta ƙare, dusa ta ƙare, awakina haƙarƙari a waje. Sauran mata suka rage nasu, aka kai kasuwar Mai'adua. Ni kuwa na ce, ni? A ji a gari na sayar da akuya don na kasa ciyar da ita? Ga dashe can kore shar, ana ba shi ruwa safe da yamma. Ranar Juma'a, da maza suka tafi masallaci garin hakimi, na ja ƙayar gefe da sanda, na kora su ciki. Na ce ɗan taɓawa za su yi. Juma'a uku na yi haka. A ta ukun, da na waiwaya, gefe guda ya zama fili fetal.

Da aka gani, sai ido ya koma kan Bafillacen da ke da ruga a arewa da tafkin, mutumin da ya riga ni zama a ƙasar nan. Matarsa ƙawata ce. Ita ke kawo mini nono, tana tsokanata, "Kaɗo, gero ko rowa yau?" Ni kuma in ce, "'Yar Fillo, ruwa nawa kika tsuga a ciki?"

Aka kira shi ƙofar mai gari. Mu mata muna bayan danga muna ji.

"Ranka ya daɗe, a je a duba," in ji shi. "Saniya da harshe take naɗe ciyawa, ta bar gindin. Wannan an ƙwaƙule shi har saiwa, an ɓare bagaruwa. Aikin akuya ne, ni kuwa ko ɗaya ba ni da ita."

Wani ya ce, "Kullum haka kuke cewa."

Sai matar da ke gefena ta taɓa ni. "Inna, ke da kika san dabba, me kika gani?"

Na gyara lulluɓina na ce, "Wa ya san halin shanu?"

Abin da ya fito daga bakina ke nan. Aka hana shanunsa mashaya. Kullum sai su yi tafiyar rabin yini neman ruwa, maruƙa biyu suka mutu a hanya. Kafin ruwan farko ya sauka, suka ɗaure kaya.

Ranar tashinsu ƙawata ta shigo gidana da ƙwaryata a rufe da faifai. Ba ta kira ni Kaɗo ba.

"Yaya, ga ƙwaryarki. Mu yafi juna."

Na ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Sai da ta fita na ɗaga faifan. Jan ƙyalle ne mai ɗigon fari, da ƙayar bagaruwa maƙale a jiki. Ashe ta tsince shi tun farko, yana hannunta ranar da ake tuhumar mijinta, ba ta fitar ba. Na fito da gudu ba mayafi, na hango ƙurarsu sun nufi Kongolam. Na juya na koma gida.

Daminar nan ruwa ya ɓalle daidai inda awakina suka ci. Yashi ya cinye rabin tafkin. Na je na faɗa wa mai gari gaskiya, ya ce in tashi in tafi. Na sayar da awaki bakwai, aka sake dashe. Yanzu bagaruwar ta yi inuwa, ana yankar jema a kawo wa dabbobi gida, amma rugar ba ta dawo ba.

Mai garin ya rasu, mai shela ma haka. Bafillacen na ji labarin rasuwarsa a bakin masu shanu. Cikin waɗanda suka tsaya a bayan dangar nan, saura ni da matar da ta tambaye ni, ita ma ta makance. Ƙawata kuwa an ce tana nan da rai a tsallaken iyaka, wajen ɗanta. Na aika mata da gero sau biyu. Geron ta karɓa, saƙo dai ba ta maido ba.