Hutuna Yana Kwas na Uku

Shekarar da kamfaninmu na Kakuri ya sayo manhajar kula da ma'aikata, ni aka ɗora wa koyonta, tunda ni ke riƙe da fayilolin kowa. Kafin nan, mai neman hutu leƙawa kawai yake yi ofishin manajarmu, wata 'yar Binuwai, ya faɗi uzurinsa, ta ce Allah ya kiyaye hanya. Yanzu an ce sai ta kwamfuta.

Kwasa-kwasan koyon manhajar ba a rubuta sunansu ba, sai haruffa da lamba. Da kyar na gane cewa haruffan fanni suke nunawa, lambar kuma mataki ce, kuma na gaba ba ya buɗewa sai ka gama na baya. Kwas ɗin ba da hutu shi ne na uku. Ni kuwa na maƙale a na farko, don da an ɗauke wuta sai ya mayar da ni farkonsa.

Ana cikin haka bikin ƙanwata ya taso a Funtuwa. Na je wurin Madam manaja. Ta ce, "Malam, yanzu ba ni da iko. Kai kaɗai za ka iya buɗe hutu a cikin abin nan, kai ɗin ma sai ka kai na uku."

Ranar ɗaurin auren ina zaune gaban kwamfuta, ina jiran a kawo wuta. Da aka kawo, haushi ya sa na binciko cikakken sunan kwas ɗin da ya tsare ni. Ashe haruffan nan, jin daɗin ma'aikata suke nufi.